Kwana uku a tanti da albashin mai kula da tsofaffi

Wani ƙanenmu ɗan Fagge, mai aikin kula da tsofaffi a Manchester, ya aiko da tambaya. Ga taƙaicenta: "Yaya, abokan aikina sun shirya fita kwanan daji a watan Agusta, kwana uku a tanti, ko dai yankin Lake District ko kuma Sikotlan, sun ce lallai in zo. Na leƙa kantin kayan zango, farashin ya kaɗa ni, ga kuɗin da nake turo wa gida duk wata. Akwai mai tasowa daga Kano ƙarshen Yuli, me zan sa a sayo mini? Kuma abin zai iya taɓa takarduna?"

Ƙanena, ka je. Wanda bai san ko'ina ba sai wurin aiki da ɗaki da masallacin Juma'a, shekara biyu kawai sai ka ji muryarsa ta canza a waya. Waɗannan mutanen su ne za su yi maka canjin aiki ranar da aka yi rasuwa a gida, kuma cikinsu ne wani zai rubuta maka takardar shaida idan ka tashi neman wani wurin. Amma ka nemi hutun a rubuce tun yanzu, ka ajiye amsar a wayarka. Mai aikin kwana biyar a mako yana da haƙƙin hutun kwana 28 a shekara da albashinsa, saboda haka ba roƙo kake yi ba. Abin da ba a wasa da shi ga wanda kamfani ya tsaya wa a biza shi ne ɓacewa daga aiki ba izini, domin idan ya wuce kwanakin aiki 10 a jere, wajibi ne kamfanin ya sanar da ma'aikatar cikin gida. Kwana uku ba su kai nan ba, amma gara sunanka ya zauna fes.

Kuɗinka a kan abu uku kawai zai tafi: tanti, jakar barci, da abin da za ka shimfiɗa tsakaninka da ƙasa. Sauran kayan da suka cika kantin, yawancinsu ado ne.

Tantin ma kada ka saya sai ka tambaya. Turawan da suka gayyace ka, da wuya a rasa mai tanti biyu a ɗakin ajiyarsa. In ba a samu aro ba, ka duba Facebook Marketplace da kantunan sadaka masu sayar da kayan hannu, da kasuwar bayan mota da ake ci ranar Lahadi. Sabo mai sauƙin kuɗi kuwa akwai a Decathlon da Argos, su Aldi da Lidl ma sukan kawo lokacin bazararsu. Abu biyu za ka duba. Na farko, ya zama mai rufi biyu, na ciki da na waje. Mai rufi ɗaya da ake kai wa wurin casu, numfashinka kaɗai zai sa shi zufa kamar murfin tukunya, da asuba ya riƙa ɗiga maka a fuska ko da ba a yi ruwa ba. Na biyu, akwai lambar da ke nuna ƙarfinsa na tare ruwa, a milimita ake rubuta ta. Ƙasa da 2000 kada ka kula shi, 3000 ta fi kwanciyar hankali, domin wuraren nan biyu da ka ambata suna cikin inda aka fi tafka ruwa a ƙasar baki ɗaya. Kuma idan an rubuta "na mutum biyu", ana nufin mutum biyu marasa kaya. Kai kaɗai da jakarka ne zai ishe ka.

Idan ka samu, ka kafa shi sau ɗaya a bayan gida ko a filin shaƙatawa kafin ranar tafiya. Ka ƙirga turakun, ka ja zif ɗin sama da ƙasa, ka shinshina cikinsa. Wanda ya fara koyon kafa tanti da magariba cikin yayyafi, ga iska, ga mutane suna jiransa, ba zai so ya sake fita ba.

Yanzu ga inda mutanenmu suka fi shan wuya. Mun saba da cewa sanyi daga iska yake zuwa, sai mu yi ta lafta bargo a sama. A can ƙasa ce take zuƙe ɗumin jiki. Ko a watan Agusta dare yakan sauka ƙasa da digiri 10 a tsakanin duwatsun nan, ga ƙasar a jiƙe. Tabarmar roba ta gida ba za ta tare komai ba. Ka sayi shimfiɗar soso ta zango, ita ce mafi arha a duk kantin, sannan ka sa kwali a ƙarƙashinta, irin manyan kwalayen da ake zubarwa a wurin aikinku. In da hali ka ƙara da mayafin nan mai ƙyalli da ake rufe gilashin mota da shi, ɓangaren ƙyallin yana kallon sama. Katifar iska ita kaɗai daɗin kwanciya gare ta amma sanyi ne a cikinta, sai an ɗora soso ko bargo a kai. Jakar barci kuma akan rubuta mata lambobi biyu ko uku. Ka dubi wadda ke nuna yanayin da mutum zai yi barci cikin jin daɗi, ka nemi ta digiri 5 ko ƙasa. Lambar ƙarshe da suke bugawa da manyan baƙaƙe, ma'anarta ba za ka mutu ba, ba wai za ka runtsa ba.

Kafin ka kwanta ka dafa ruwa, ka zuba a gorar ƙarfe ko ta roba mai kauri, ka ɗaure murfin tam, ka zura ta cikin safa ka jefa wajen ƙafafunka. Ka ware kayan barci daban a cikin leda, riga da wando da safa da hular sanyi, kada ka taɓa su da rana ko me ya faru. Ita kanta jakar kayanka, ka fara zura babbar ledar shara a ciki kafin ka loda. Filo kuwa, rigar filo kawai za ka ɗauka ka cusa suwaita a ciki.

Tamfol ɗin da za ka shimfiɗa ƙarƙashin tanti, ka naɗe gefensa ya zama bai leƙo waje ba ko da ɗan yatsa. Idan ya leƙo, duk ruwan da ya gangaro daga rufi a kansa zai sauka ya bi ta ƙarƙashinka. Fitila ba sai ka saya ba: ka cika galan fari da ruwa, ka ɗaura masa tocilar goshi tana haska ciki, tantin duka zai yi haske mai laushi. Auduga da aka murza da man Vaseline tana kama wuta nan take, ta ci na 'yan mintoci, ka cika ƙaramin gwangwani da ita. Ashana a cikin kwalbar magani da ta ƙare. Sabulu a cikin tsohuwar safa, a ɗaure a hannun galan ɗin wanke hannu don kada ya faɗi cikin taɓo. Buta dai ka san ba a barin ta, kuma ba za ka samu a banɗakin wurin ba.

Abinci ka dafa daga gida. Miyar daren farko da ta biyu ka daskarar da su a firiza su yi tauri, su ne ƙanƙarar kularka, tare da gorunan ruwa biyu da ka daskarar, waɗanda za ka shanye in sun narke. Shinkafa ko taliya sai a dafa a can a kan ɗan risho mai gas. Ka yi miyar da yawa, domin da zarar ƙamshin daddawa ya tashi za ka ga faranti suna matsowa.

Daga nan Kano, abin da ya cancanci nauyin jakar mai zuwa kaɗan ne. A yanko yadi huɗu na auduga a Kantin Kwari, tela ya ninka ya ɗinke ƙasa da gefe ɗaya, ka samu zanin cikin jakar barci. Yana ƙara ɗumi, kuma idan jakar ta aro ce ko ta hannu, shi ne zai taɓa jikinka. Telan ya haɗa maka da 'yan jakunkuna masu zariya daga ƙyallayen da suka rage, na cokula da na turaku. A Ƙofar Wambai za a samu suwaita mai kauri ta gwanjo da hula da safa, ko da yake su ma kantunan sadaka na can suna da su, sai ka gwada farashi. Sai yaji, garin kwaki, ƙuli-ƙuli da garin kunun tsamiya, a ɗaure su da kyau a rubuta sunan kowanne. Garin kwaki da ƙuli da sukari karin kumallo ne da ba ya neman wuta.

Na san kilishi ne a ranka. A'a. Doka ta hana matafiyi shiga Birtaniya da nama ko kayan madara daga Najeriya, ko busasshe ne ko dafaffe. Kilishi, dambun nama, man shanu, cuku, duk sun shiga ciki. In an gani ƙwacewa za a yi, kuma wanda ya ɓoye yana iya fuskantar tara ko tuhuma. Bawan Allah ya taimaka zai riƙo maka saƙo, kada ka jefa shi cikin wannan a filin jirgi, wataƙila ma karon farko ke nan da zai shiga ƙasar. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20, zuma har kilo 2. Gidan sauro ma a bar shi a Kano. Abin da ke cizo a Sikotlan wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne irin ƙyashi, suna fitowa dubbai da safe da yamma idan iska ta kwanta, kuma ramukan gidan sauronmu ƙofa ce a wurinsu. Ragar fuska mai ƙananan idanu da maganin shafawa, a can za ka saya.

Kurfoti kuwa, ko gasasshen naman da abokanka za su yi a kan gawayi, kada wuta ko garwashi ya shiga tanti ko bakin ƙofarsa, ko da ya yi kamar ya mutu. Gawayin da ke hucewa yana ci gaba da fitar da iskar nan mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, irin wadda ke kashe iyali guda a ɗaki idan an kwana da janareta ko an shigar da garwashi lokacin hunturu. Rishon gas ma a waje ake kunna shi. In ana ruwa, ka ci garin kwaki.

Batun takardu. Cikin ƙasar ba dole ba ne ka yi yawo da fasfo, ka bar shi a gida inda ba zai jiƙe ba, hotonsa a waya ya isa. Katin izinin zama a ƙasar ma an koma na intanet tun da yawancinsu suka ƙare ranar 31 ga Disamba 2024. Sikotlan da Wales duk ƙasa ɗaya ce, ba ruwanka da biza. Amma idan shiri ya canza aka ce a tsallaka Dublin ko Faransa, bizarka ta Birtaniya ba ta kai can, ko da abokanka sun ce ba a duba kowa a hanya.

Abubuwan da suka fi ba ni tsoro a kanka biyu ne, wuƙa da mota. Wuƙar da doka ta bari a riƙe ba tare da an nemi dalili ba ita ce ƙarama mai naɗewa, wadda ba ta kullewa, tsawon bakinta bai wuce inci 3 ba. Ta girki, ka naɗe ta cikin kayan girki a but ɗin mota, ka fitar da ita ranar da kuka dawo. Wadda aka manta a jakar goyo aka shiga gari da ita, hukuncinta na iya kaiwa shekara 4 a gidan yari, kuma duk wani hukuncin kotu zai biyo ka ranar sabunta biza. Adda da gatari kada ma su zo maka a rai. Mota kuma, lasisin Najeriya yana aiki ne wata 12 kawai daga lokacin da ka fara zama, kuma inshorar can direba take bi, ba mota kaɗai ba. Idan abokinka ya gaji a hanya ya miƙo maka makulli, ka ce masa a tsaya a huta. Tuƙi ba inshora tarar fam 300 ce da maki 6 a lasisi, in ma ba a kai kotu ba.

Wurin kafa tanti, a Ingila kusan ko'ina sai da izinin mai fili, don haka a Lake District ku kama wuri a filin zango na biya, ku raba kuɗin. Filayen manoma sun fi araha, ga famfo da banɗaki. A Sikotlan dokar 2003 ta ba jama'a damar kwana a daji in ba su yi ɓarna ba, sai dai wasu gaɓoɓin tafkin Loch Lomond suna buƙatar takardar izini daga Maris zuwa Satumba. Ka sauke taswira a waya tun kana gida domin sabis yakan ɗauke, lambar gaggawa kuma 999 ce.

Daga Manchester zuwa ko wanne cikin wuraren biyu ya wuce mil 48, kuma zamanku bai kai kwana huɗu ba, saboda haka ƙasaru ta halatta maka. Ka duba lokutan salla na garin da za ku, ka rubuta a takarda, ka gane alƙibla tun da rana. Abokanka ka gaya musu tun a mota cewa ba ka shan giya kuma naman ka daban, magana ɗaya ta wadatar.

Hajiya kuma, ka sanar da ita kafin ka tafi, ka yi mata bayani dalla-dalla. Idan hoton ka a cikin tanti ya fara isa Fagge ta hannun wani, kafin la'asar labari ya zama an kore ka daga gidan haya kana kwana a jeji, kuma sai ka yi wata guda kana ƙaryatawa. Ka ce mata yawon buɗe ido ne da abokan aiki, ka faɗa mata za a iya kwana biyu ba a same ka a waya ba.

Kullum da dare ka duba jikinka saboda kaska, bayan gwiwa da ƙugu da hammata. Ana cire ta da ɗan hantsaki daga gindin kai a hankali, ba a ƙona ta ba a shafa mata mai. Idan bayan kwanaki ko makonni ka ga jan zobe yana faɗaɗa a wurin, ko zazzaɓi ya kama ka, ka je wurin likitanka ka ce masa kaska ce ta cije ka, kada ka ɗauka maleriya ce ka sha maganin da ka zo da shi daga gida. Tantin kuma, musamman in na aro ne, ka shanya shi ya bushe ƙayau kafin ka naɗe, ko da a kan ƙofar banɗaki ne, domin in ya kwana biyu a jiƙe cikin jaka fumfuna za ta cinye shi.