In je jami'a in karanta kiɗa, ko kwaya ta ishe ni?

Ɗana, tambayarka ita ce ko ka nemi jami'a ka karanta kiɗa da waƙa, ko abin da kake koya a wurina a kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, ya isa, kuma wai akwai abinci a ciki? Ka je. In Allah ya buɗe hanya ka je, amma ka san abin da za ka tarar.

Mu nan da solfa muke aiki, do re mi a allo kowa ya bi. Can kuwa sai ka iya karanta nota, wato alamun sauti, a kan layuka biyar na rubutun kiɗa, ka zauna gaban fiyano kullum ko kana so ko ba ka so, a koya maka jera muryoyi huɗu, sofrano da alto da tena da bas, har ka rubuta taka waƙar ba sai ka jira ta wani ba.

Maganar abinci, kaɗa hannu gaban kwaya ba ya riƙe gida, yawancinmu aikin sa kai muke yi a coci. Albashin a koyarwa yake. Dubi Farfesa Laz Ekwueme, ya yi karatu a Landan, ya koyar a jami'ar Nsukka inda aka buɗe sashen kiɗa tun 1961, ya yi digirin dokta a Yale ta Amurka, daga baya ya koma Jami'ar Legas ya kafa kwayarsa a 1974, aka kuma damƙa masa kwayar ƙasa a FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, na 1977. Duk sunan nan da ya yi, aji bai bar shi ba. In lakcara kake so ka zama to digiri ɗaya ba zai kai ka ba, sai mastas sai dokta sai rubuce-rubuce kafin ƙarin girma.

Abin da nake jiye maka shi ne ka dawo da takarda ka rena mutanenka. Mutane ne da suka taso daga gona da kasuwa a gajiye suka zo gwaji, ga Mama a alto shekara da shekaru tana wurin, muryarta ta fara zamewa ƙasa, in ka tsawata mata gaban yara ba za ka sake ganin ta ba, sai dai ka matso da mai kunne kusa da ita ka sa su maimaita layin su kaɗai, a hankali, har ya zauna. Ga waƙoƙin da aka juyo daga Turanci, wani wuri doguwar gaɓa ta faɗa kan gajeriyar nota, kai ne za ka ji ka gyara don jama'a su gane abin da ake rerawa.

Kafin ka cika fom ɗin JAMB fara kibod da hannu biyu, ba na dama kaɗai ba. Ranar Laraba kuma kai za ka ɗauki 'yan tena, ka zo da wuri.