Me ya sa layukan NMR na haɗin ƙarfe suke baje a zafin ɗaki?

Ka ce haɗin ƙarfen da ka yi yana ba ka layi mai faɗi a NMR (na'urar da ke amfani da maganaɗisu wajen gano tsarin ƙwayar sinadari), kuma layukan ba su kai yawan da kake tsammani ba. Kada ka yi saurin zargin datti. Sau da yawa ƙwayar ce take sauya siffa da saurin da na'urar ba ta iya rarrabewa, sai ta ba ka matsakaici.

Dubi (η5-C5H5)Fe(CO)2(η1-C5H5). Zoben da ke maƙale da ƙarfen ta kabon ɗaya ya kamata ya ba da layuka iri uku, amma a zafin ɗaki layi ɗaya yake bayarwa, domin ƙarfen yana ta kewaya zoben. Sai an sanyaya sosai layukan suke rabuwa.

Don ka gwada wannan, narkar da samfurinka a ruwan narkarwa CD2Cl2, wanda yake daskarewa wajen −95 °C, alhali CDCl3 ya daskare tun −64 °C. Ka riƙa sauko da zafin da digiri 10, ka jira minti 10 a kowane mataki, ka sake daidaita maganaɗisun. Lambar zafin da na'urar ke nunawa takan yi kuskure, don haka auna ta da samfurin metanol tukuna.

A zafin da layuka biyu masu girma ɗaya suka haɗe, k = 2.22Δν, inda k shi ne saurin sauyin siffar, Δν kuwa tazarar da ke tsakanin layukan biyu kafin su haɗe. Idan Δν ta kai 200 Hz, haɗewar a 250 K, shingen makamashin da ƙwayar ke tsallakewa don sauya siffa ya kai kusan 48 kJ/mol.

Idan ka sanyaya ba abin da ya rabu, wataƙila saurin ya yi yawa, kamar Fe(CO)5 a NMR na kabon-13 (13C). Faɗin ma yana iya zuwa daga ƙarfe mai ilektoron marasa abokin haɗi.