Zaure na masu karatu: labarin Yamai da aikin dole

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a Tawa, ina rubuta ƙagaggen labari kan yadda Yamai ta girma, amma yayana ya ce in cire zancen aikin dole wai tonon asiri ne. In cire?

Amsa: Ƙanwata kar ki cire. Yamai fa ƙauyuka ce a bakin kogi kafin Faransawa su ɗauke babban birni daga Damagaram su maido nan a 1926, to wa ya buga tubalin, wa ya share hanyoyin? Talakawa ne da gardi, wato dogaran Nasara, ke tasowa daga karkara ga lanho, wato haraji, a wuyansu, ga yunwar 1931 da fara ta haddasa ta koro mutane cikin gari, kuma sai 1946 aka hana aikin dolen. Ki ɗauki mutum guda, misali mai ɗaukar ruwa daga kogi zuwa gidajen Nasara a unguwar Filato, mu ga kafaɗarsa ta yi kanta, mu ji abin da yake ci da dare. Sunansa ki ƙaga abinki, amma shekaru kar ki taɓa, kar wani ya hau gadar Kennedy ta Yamai kafin 1970 da aka buɗe ta. Yayan naki kuma ki ba shi babi na farko ya karanta tukuna.