Tsiron dasashi da yake dawowa bayan an yanke shi

Tambaya: Salam likita, wani tsiro ne ja kamar ƙwayar gyaɗa ya fito min a dasashi tun ina da cikin wata biyar, da na taɓa shi da asuwaki sai jini. Sau biyu ana yanke min yana dawowa, yanzu wata huɗu kenan da haihuwata. Dan Allah ba cutar kansa bace?

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya raya abin da aka samu. Yadda kika siffanta shi ɗin nan ya fi kama da tsiron da muke yawan gani a bakin masu juna biyu, galibi daga wata na uku zuwa sama, canjin sinadaran jiki ne yake sa dasashi ya yi laushi ya riƙa kumbura akan abu kaɗan. Irinsa ba cutar kansa bace, kuma sau da yawa yana motsewa da kansa bayan haihuwa.

To me ya sa naki yake dawowa? Kin ga dattin nan da yake daskarewa a gindin haƙori ya yi tauri kamar siminti, wanda burushi baya cirewa, yawanci shi ne yake ta sukar naman daga ƙasa, ko kuma tsinin haƙorin da ya gutsure. In an yanke kan tsiron kawai aka bar wannan, wallahi kamar an sare ciyawa ne an bar saiwa. Aikin da ya dace shi ne a yi miki allurar kashe zafi, a cire shi har gindinsa inda ya manne da ƙashi, a kankare wurin, a wanke haƙoran gefensa da inji, in da hali a ɗauki hoton ƙashin.

Abin da nafi damuwa da shi, tsiron da ya dawo sau biyu ba'a jefar da shi a kwandon shara, dole a kai ɗakin gwaji a duba da madubin likita, don akwai kala-kala masu kama da juna kuma ido kaɗai baya rabewa. Asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya suna wannan gwajin.

Dan Allah kar a kai wa wanzami, cike yake da ƙananan jijiyoyin jini, zubar tana wuyar tsayawa. Ki riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri kafin ki je, sannan in kina shan maganin hawan jini irinsu nifedifin ko amlodifin ki tafi da kwalin ki nuna wa likita, suma suna sa dasashi ya yi kauri.