Tambaya da Amsa: Ofisoshin Dillancin Gidaje Uku, Sabar Ɗaya

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani ofishin dillancin gidaje a Jidda, muna hulɗa da ofishi ɗaya a Makka, ɗaya a Madina. Ta WhatsApp muke tura wa juna bayanan gidajen haya da na sayarwa, har yakan kai a ɗauki mutum zuwa ganin gidan da aka bayar tun makon jiya. Maigidana ya ce in bincika yadda za mu kafa sabar tamu, wato babbar kwamfutar da za ta riƙe bayananmu wuri ɗaya. Ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka cire tunanin ajiye kwamfuta a ƙarƙashin teburin ofis: ranar da na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya ko layin intanet ya yanke, Makka da Madina sun makance. Ku yi hayar sabar ta intanet mai ƙwaƙwalwar sarrafawa 2, RAM gigabait 4 da faifai gigabait 80. Ku zaɓi wadda ke cikin ƙasar Saudiyya. Oracle na da cibiya a Jidda, Google Cloud a Dammam. Dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki a Satumban 2023, wadda hukumar SDAIA ke kula da ita, ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da irin waɗannan bayanai waje.

Ka ɗora Ubuntu 24.04, babbar manhajar da ke tafiyar da sabar, da PostgreSQL haɗe da PostGIS mai kula da taswira a matsayin rumbun bayanai, sai Nginx mai karɓar masu ziyara a bakin ƙofa. Shiga sabar ta zama da makullin SSH kawai, wato hanyar shiga daga nesa mai tsaro, ka kashe shiga da kalmar sirri. A katangar tsaro ta ufw ka buɗe ƙofofi 22, 80 da 443. Ƙofa 5432 ta rumbun kuwa kada ta taɓa kallon waje. Manhajar Certbot za ta karɓo maka takardar shaidar tsaron shafi ta Let's Encrypt kyauta; kwana 90 take yi, don haka ka gwada sabuntawar kai tsaye tun ranar farko. Wannan duka aikin yini ɗaya ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda ake shigar da bayanan. Gida ɗaya yakan shigo sau uku, don kowane dillali da irin kwatancensa, wani ma "bayan masallaci" zai rubuta. Ku ɗaure kowane gida da gajeren adireshinsa na ƙasa, mai haruffa huɗu da lambobi huɗu, haɗe da lambar shiƙƙa, wato sashen gida a cikin ginin, rumbun ya ƙi karɓar irinsa sau biyu. Sunayen unguwanni a zaɓe su daga jeri, ba a rubuta da hannu ba. In ba haka ba a rubutun Larabci wani zai ƙare Aziziyya da harafin ta'un marbuɗa, wani da ha'u, bincike ya ɗauke su unguwanni biyu, balle ga Aziziyya a Makka ga wata a Jidda. Lambobin Larabci a mayar da su 0 zuwa 9 kafin ajiyewa. Kwanan wata a ajiye na Miladiyya, a nuna na kalandar Hijira ta Ummul Ƙura ga mai so.

Taswira ma da nata tarko. PostGIS lambar gabas yake fara karɓa, sannan ta arewa, alhali Google Maps akasin haka yake bayarwa. Jidda na wajen 21.5 arewa, 39.2 gabas, ka juya su, gidan ya bayyana a tsakiyar ƙasar Girka.

Matsalar da ka kawo, maganinta gurbi uku ne: halin gida, wato akwai, an kama ko an bayar, wanda ya canza shi, da lokacin. Ofishin da ya kawo gida shi kaɗai zai gyara, sauran kallo ne nasu. Gidan da ya yi kwana 14 ba a tabbatar da shi ba, sabar ta ɓoye shi da kanta. Lambar wayar mai gida da lambar takardar mallaka kada su ƙetare ofishin da ya karɓe su, ko don kada a zagaye ku a la'ada. Ku ware gurbi ga lambar lasisin dillanci na Fal da ta lasisin talla da hukumar kula da harkar gidaje ke bayarwa, kuma talla ba ta fita sai an cike su. Yarjejeniyar haya tana nan a Ejar, dandalin gwamnati na rajistar haya, sabarku ba ta maye gurbinsa.

Hotuna su ke cinye faifai. Hoton waya megabait 4, guda 15 ga gida, gida 1,000, ka ga gigabait 60 ke nan. A rage faɗinsu zuwa fiksel 1600, a goge bayanan wurin da waya ke binnewa a ciki. In ɗora hoto ya dawo da kuskure 413, Nginx ne, megabait 1 ce iyakarsa ta asali. A saitin Nginx ka ɗaga client_max_body_size zuwa 20m, wato megabait 20.

Kowane dare umarnin pg_dump ya kwafi rumbun zuwa wata ma'ajiya dabam tare da hotunan, a riƙe na kwana 30. Sau ɗaya a wata ka maido da kwafi ɗaya a kan sabar gwaji, ka ƙirga gidajen, ka buɗe hotuna biyu uku ka gani ko suna buɗuwa.