Honda Accord: DC ko Anaconda, da sauran tambayoyinku

Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan Honda Accord suka taru, sai na ware huɗu daga ciki. Halla, EOD, DC da Anaconda duk sunaye ne da ake kiran Accord na shekaru daban-daban da su a nan. Masu tambayar Corolla da Peugeot 406 ku yi haƙuri, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, ina zaune a Ɗorayi, wurin aikina kuma yana Hotoro. Na daɗe ina adashi, yanzu kuɗin ya kai na sayi mota ta hannu. Wani dillali ya nuna min DC mai tsafta, wani kuma ya kawo min Anaconda da ɗan ƙarin kuɗi. Mahaifinmu Halla ya hau har Allah ya yi masa rasuwa, ba ta taɓa ba shi kunya ba, shi ya sa zuciyata ke kan Honda. Shin na yanzu sun gaji ƙarkon waccan?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa Aljanna ce makoma. Sunan ne dai ɗaya, amma motar da ya hau da waɗanda ake nuna maka yau ba gini ɗaya ba ne, kuma in ka san yadda aka zo nan, zaɓin zai yi maka sauƙi.

A 1976 kamfanin Honda na Japan ya fito da Accord, shekara 3 bayan tashin farashin mai na 1973 da ya sa Amurkawa suka fara gudun manyan motocinsu masu zuƙar fetur. 'Yar ƙaramar mota ce mai ƙofa uku, injinta lita 1.6, tsawonta mita 4 da 'yar ɗoriya. Ba girma aka saye ta dominsa ba, rashin shan mai ne da rashin zuwa gareji. Ta karɓu a Amurka har Honda ta ga gara ta kai masana'antar can, a 1982 aka fara ƙera ta a Marysville da ke jihar Ohio, ita ce motar Japan ta farko da aka ƙera a ƙasar. Daga 1989 zuwa 1991 babu ƙaramar motar hawa da aka saya a Amurka kamarta. Halla ta mahaifinku, wadda aka yi tsakanin 1990 da 1993, 'yar wannan zamanin ce: silinda huɗu, wayoyi kaɗan, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka shigo mana masu giyar hannu ne. Duk bakaniken da ya iya riƙe sufana zai iya da ita.

Tun daga lokacin, abin da Ba'amurke yake so shi ke juya akalar motar. Yana son faɗi, yana son kujerar baya mai yalwa, yana son giya mai canza kanta. A 1995 aka fara saka mata injin V6, wato mai silinda shida. A 1998 ma sai Honda ta raba gari, ta yi wa Amurka jikinta daban, Turai nata, Japan nata. EOD da ta cika titunan Kano, wato ta 2003 zuwa 2005, jikin Amurka ce, DC kuma ita ce dai aka yi wa kwaskwarimar baya a 2006 da 2007. Da aka zo 2008, Anaconda ta kumbura ta kusa mita 5, har hukumar muhalli ta Amurka ta cire ta daga jerin matsakaita ta saka ta cikin manyan motoci. An yi ta ne domin shimfiɗaɗɗen titi da doguwar tafiya, ba domin lungunan cikin birni ko cunkoson Kantin Kwari ba.

Abin da ya haɗa DC da Anaconda, wanda kuma shi ne gadon Halla na gaskiya, shi ne injin nan mai silinda huɗu lita 2.4. Sarƙa ce ke daidaita motsin bawul a cikinsa ba bel ba, yana jure wahala matuƙar ana canza masa baƙin mai a kan kari, kuma kayansa ko a Ƙofar Ruwa ko a Sabon Gari ba za ka yi yawon nema ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mai albashin koyarwa da zai riƙa keta gari daga Ɗorayi zuwa Hotoro safe da yamma, dole lissafinsa ya fara daga gidan mai. Ni a nawa ganin, ɗauki DC ɗin in ta tabbata mai tsafta ce, ka riƙe ragowar kuɗin. Kada ka zuba duk abin da ka tara a cinikin, domin mota ta hannu takan buɗe baki a watan farko.

Kuma ga inda za ka fara kashe ragowar: ƙafar gaba. Ba ka rasa taɓa ganin Honda a bakin shataletale ta durƙusa, taya ɗaya ta kwanta a ƙarƙashinta, mai ita yana tsaye riƙe da ƙugu. Bol joyin na ƙasa ne ya fita, wato gaɓar da ke haɗa taya da ƙafar mota. A tsarin ƙafar waɗannan motocin nauyin gaba yana kansa, kuma 'yar roba ce kawai ke rufe da giris ɗinsa. In robar ta yage, ƙurar hunturu ta shiga, ruwan damina ya bi baya, sai giris ya bushe, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Yakan yi gargaɗi kafin ya saki: za ka ji ƙiii-ƙiii in kana murza sitiyari a hankali, ko ƙwas in ka faɗa rami. Ranar da ka karɓi mukulli, wuce gareji a ɗaga ta, a canza duka biyun da masu kyau, a matse su da kyau, a saka fin ɗin da ke riƙe noti. Kada ka yarda da wanda aka buga aka cusa masa giris aka ce ya gyaru.

Tambaya: Yaron shagona ya samo min EOD mai V6, kujerun fata, ga rufi mai buɗewa, kuma kuɗinta bai kai na mai silinda huɗu ba. Yara zan riƙa kaiwa makaranta da Islamiyya, sai zuwa kasuwa. Maigidana ya ce in tambaya tukuna. Daga wata 'yar kasuwa a Rijiyar Zaki.

Amsa: Hajiya, maigida ya yi gaskiya. Mota mai kayan alatu fiye da 'yar'uwarta amma ta fi ta araha, kasuwa ce ke faɗa miki wani abu, kuma kin fi ni sanin araha ba ta ado.

Injin V6 ɗin kansa ba shi da laifi, lita 3.0 ne mai ƙarfin doki 240, a hanyar Zariya kamar ba ya taɓa ƙasa. Matsalar giyar da aka haɗa shi da ita ce. A 2004 Honda da kanta ta kira masu V6 na 2003 da wasu na 2004 su dawo da su, saboda giya ta biyu ba ta samun isasshen mai, tana ɗaukar zafi har haƙoranta su lalace. Motar da ke gabanki ta haura shekara 20, babu wanda zai iya rantse miki an yi mata wannan gyaran, ko wane irin mai aka riƙa zuba mata. Sannan V6 bel yake amfani da shi ba sarƙa ba. Ana so a canza shi wajen mil 100,000, wato kilomita 160,000, in kuma ya tsinke injin yana tafiya, bawul da fistin ne za su gwabza, gyaran ya koma na sauke inji.

In duk da haka ranki ya biya, kada a gwada ta da sanyin safiya a zagaya layi a dawo. A fita da ita da rana tsaka, a kunna AC, a shiga cunkoso na rabin awa, sannan a hau titi a taka. Giyar da ta gaji sai ta yi zafi take nuna hali: za ki ji injin ya yi ƙara motar ba ta ja ba, sai kuma ta fizga. Amma domin kai yara makaranta, silinda shida asarar fetur ce kawai. Haka zan ce ko da V6 ta Anaconda aka kawo miki, wadda ke kashe wasu silinda da kanta don rage shan mai. Wannan dabarar ta jawo ƙorafin shan baƙin mai da lalata fulogi, har aka kai Honda kotu a Amurka aka yi sulhu a 2013.

Tambaya: Na ba da kafin alƙalami a kan DC, sai abokina ya ce kamar EOD ce aka mayar. Mai motar ya rantse 2007 ce. Ta yaya zan gane? Daga wani matashi a Kurna.

Amsa: Ƙanena, ba sai an kai ga rantsuwa ba. Mayar da EOD ta zama DC aikin yini ɗaya ne wajen fanel bita: a canza murfin but, fitilun baya da bamba, a fesa fenti. Abin da ba ya canzuwa da sauƙi shi ne lambar shasi. Tsaya a wajen motar ta ɓangaren direba, leƙa ƙasan gilashin gaba, za ka ga wani ɗan ƙarfe mai haruffa da lambobi 17. Ƙirga daga hagu zuwa na 10. In ka ga 3, 2003 ce, 4 ko 5 duk EOD ce, sai 6 ko 7 ne DC ta asali. Daga 2010 haruffa ake sakawa, A ita ce 2010, D kuma 2013. Farkon lambar ma yana magana: 1HG ƙirar Amurka ce, JHM ƙirar Japan.

Buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, lambar ta zo daidai da ta gilashi, ta kuma zo daidai da ta takardun kwastam. Wannan na ƙarshen ya fi shekarar muhimmanci. A farkon 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka duk wanda ya ce maka 'yar Kwatano ce shigowar kwanan nan, ka nemi takardar biyan kuɗin fito, ka je ofishin kwastam a tabbatar maka kafin ka cika kuɗi. Da wannan lambar dai za ka iya dubawa a intanet ko motar ta taɓa yin haɗari ko ambaliya ta cinye ta a can, da kuma ko an canza mata jakar iska ta kamfanin Takata, wadda aka yi ta kiran motocin waɗannan shekarun a kanta saboda takan fashe da ɓaraguzan ƙarfe.

In ta tabbata EOD ce, ba lallai ka fasa ba, injin da giyar kusan ɗaya ne. Amma a koma ciniki a kan kuɗin EOD, kuma a gaban wanda ya shaida kafin alƙalamin.

Tambaya: Na sayi Accord 2013. Bakanikena na shekara da shekaru ya ce zai zuba mata man giya irin wanda yake zuba wa tsohuwar DC ɗina, wai duk Honda ce. In bar shi? Daga wani ɗan kasuwa a Singa.

Amsa: Alhaji, kada ka bar shi, ko da kuwa tare kuka taso. A 2013 Honda ta yi wa Accord canjin da ya fi na kowane lokaci shafar aljihun mai ita a nan. Ta ɗan rage mata tsawo, ta sauya tsarin ƙafar gaba da aka san ta da shi tun shekarun 1980, sannan a masu silinda huɗu ta koma fesa fetur kai tsaye cikin silinda, ta kuma cire giyar da aka saba ta saka CVT. Ita wannan ba ta da giya ta ɗaya da ta biyu. Bel ne na ƙarfe ke gudana tsakanin wasu faya-faye biyu masu matsewa da buɗewa, kuma man da ke ciki shi ke hana bel ɗin zamewa. Sunan man HCF-2. DC kuwa DW-1 take sha, wanda ya maye gurbin tsohon Z1. In aka zuba mata na DC, ba ranar za ta nuna ba. Bayan 'yan watanni za ka fara jin kakkarwa in za ka tashi daga tsaye, daga nan sai maganar sayen giya sukutum.

Ba wai motar ba ta da kyau ba ne, ta fi DC da Anaconda sauƙin mai nesa ba kusa ba, kuma irinta ce Honda ta fara haɗawa a Ota ta jihar Ogun a 2015. Sai dai tana son mai gyaran da ke da na'urar duba kwamfutarta, ba mai kasa kunne a bonet kaɗai ba, tana kuma son fetur daga gidan man da ka yarda da shi, ba na galan a bakin titi ba. Waɗanda suka biyo bayanta sun ƙara nisa: a 2018 aka cire V6 kwata-kwata, aka kawo ƙananan injina masu turbo, lita 1.5 da 2.0.

Ba sai ka rabu da mutuminka ba, bar masa birki da ƙafa da canjin baƙin mai. Man giya kuwa ka sayo da hannunka a wurin da za a ba ka rasit, ka duba hatimin murfin bai taɓa buɗuwa ba, ka tsaya a kansa har a tsiyaye tsohon a zuba sabon. In wanda ya sayar maka da motar bai iya faɗa maka yaushe aka canza na ƙarshe ba, a yi shi cikin wannan satin.