Amsa ga mai tambaya kan zaren kaɗi da ke tsinkewa wajen saƙa

'Yar'uwa, kin tambaya me ya sa zaren da kike kaɗawa da mazari yake tsinkewa ko ya kanannaɗe idan kika zo saƙa hular jarirai da shi. Ni ma na sha wannan wahalar a nan Gombe kafin hannuna ya faɗa.

Silin auduga gajere ne, bai kai na ulu tsawo ba, saboda haka yana buƙatar murɗi sosai kafin ya kama jikinsa. Idan murɗin ya yi kaɗan zaren zai zame ya rabu, idan kuma ya yi yawa sai ki ga saƙar ta karkace gefe guda. Amma a ganina matsalar takan faro tun daga shiɓa, domin audugar da ba a cire mata angurya da datti tsaf ba, ba a kuma shiɓe ta har ta yi laushi ba, kullum zarenta gaɓa-gaɓa yake fitowa, wani wuri da kauri wani wuri siriri, kuma a siraran wuraren nan yake tsinkewa.

Kada ki yi saƙa da silin zare ɗaya. Ki haɗa biyu ki tufka su, kina juya mazarin saɓanin yadda kika juya shi wajen kaɗi, sannan ki tafasa zaren a ruwa da ɗan sabulu, ki shanya a inuwa. Lokacin hunturu, da iska ke busar da komai, nakan yi kaɗina bayan sallar asuba, ina ɗan shafa alli a yatsuna don mazarin ya riƙa juyawa ba tare da santsi ba.